'Yan Zari-Rugan Jamus na Farko: Tsoka, Horo da Gado

Gabatarwa

Duk wanda aka ambata masa ƙasar Jamus a fagen wasanni, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ƙwallon ƙafa, domin sau huɗu ƙasar tana ɗaukar kofin duniya, watau a 1954 da 1974 da 1990 da kuma 2014. Kaɗan ne suka san cewa an yi zamanin da Jamusawa suka yi suna a wani wasan ƙwallo dabam, wanda ake kira zari-ruga, har suka zo na biyu a wasannin Olamfik na shekarar 1900, daga baya kuma suka ka da Faransa sau biyu. Amma tun da aka fara gasar kofin duniya ta zari-ruga a 1987, Jamus ba ta taɓa samun shiga cikinta ba.

Sau da yawa akan ji ɗalibai suna cewa wasa kaza a jinin mutanen ƙasa kaza yake. In haka ne, ina jinin zari-ruga na Jamusawa ya tafi? Wannan maƙala za ta bi tarihin 'yan wasan Jamus na farko da suka kara da wasu ƙasashe, sa'an nan ta duba abin da ilmin halittu ya ce game da tsoka da horo da gado, don mu ga inda ƙwarewa take fitowa da kuma yadda takan ɓace.

Yadda Wasan Yake

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san wasan kansa. Ana yin zari-ruga ne da ƙwallo mai siffar ƙwai. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15, takwas na gaba, bakwai na baya, kuma ana shafe minti 80 ana fafatawa, da hutu a tsakiya. An yarda ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo da hannu ya ruga da ita, ko ya buga ta da ƙafa. Abin da aka hana shi ne jefa wa abokinsa ƙwallo ta gaba; sai dai ya jefa ta gefe ko baya. Abokan hamayya kuma suna da ikon su kama mai ɗauke da ƙwallo su kayar da shi.

Babban abin da ake nema shi ne a kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya a dangwala ta a ƙasa. Ana kuma samun maki in aka buga ta ta haye sandar raga, wadda take da siffar harafin H. Idan an yi ƙaramin kuskure, 'yan gaba takwas na kowane ɓangare sukan sarƙe da juna, su sunkuya, su haɗa kafaɗu da na ɗaya ɓangaren, a yi ta turereniya har ƙwallo ta fito ta baya. Saboda haka wasan yana bukatar abu uku a jikin mutum: ƙarfin turi, da saurin gudu, da jimirin minti 80.

Wasan ya samo sunansa na Turanci daga makarantar garin Rugby da ke Ingila. A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, a 1871 kuma masu wasan ɗauka da hannu suka kafa tasu hukumar dabam.

Yadda Ya Shiga Jamus

A ƙarni na 19 Jamusawa suna da nasu tsarin motsa jiki, wanda Friedrich Ludwig Jahn ya assasa lokacin da ya buɗe filin atisaye na farko a birnin Balin a 1811. Tsarin ya ƙunshi tsalle da lilo a jikin sanduna da hawan igiya, ana yi cikin sahu kamar sojoji. Wasannin ƙwallo kuwa baƙi ne, Ingilishi suka zo da su. A garin Heidelberg akwai makarantar da ake kira Neuenheim College, inda 'ya'yan Ingilishi suke karatu, kuma tun a tsakiyar ƙarnin suke buga ƙwallo irin ta gida, yaran gari suna kallo. Haka ma a Cannstatt kusa da Stuttgart, da Hannover, da Frankfurt, duk inda Ingilishi suka zauna don karatu ko ciniki.

A 1874 wani malamin makaranta a Braunschweig, mai suna Konrad Koch, ya shigar da wasan ƙwallo cikin makarantarsa, kuma dokokin da ya rubuta a 1875 sun fi kusa da na zari-ruga. A 1878 wani ɗan makaranta da bai wuce shekara 15 ba, Ferdinand Wilhelm Fricke, ya haɗa kai da abokansa suka kafa ƙungiyar DFV 1878 a Hannover, wadda ita ce ƙungiyar zari-ruga ta farko ta Jamusawa. Bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyar FC 1880 a Frankfurt. A 1891 ƙungiyar masu tseren kwale-kwale ta Heidelberg ta buɗe sashen zari-ruga.

Abin lura a nan shi ne, a ko'ina hanyar ɗaya ce: yara sun ga ana yi, sun kwaikwaya, sun sami fili da ƙwallo da malami. Ba kowa ne ya yi maraba da abin ba. Masu riƙe da tsarin Jahn sun riƙa kiran wasannin ƙwallo cutar Ingilishi. Duk da haka ƙungiyoyi suka ci gaba da yaɗuwa, ko da yake ƙwallon ƙafa ce ta fi saurin karɓuwa, ta bar zari-ruga a takure cikin 'yan garuruwa kaɗan, musamman Hannover da Heidelberg da Frankfurt.

Faris, 1900

Wasannin Olamfik na biyu na zamanin nan an yi su ne a birnin Faris a 1900, haɗe da babban baje kolin duniya na wannan shekara. Jagoran farfaɗo da wasannin, Pierre de Coubertin, masoyin zari-ruga ne, har shi ne ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na gasar Faransa ta farko a 1892. Don haka ba abin mamaki ba ne da aka sa zari-ruga cikin jerin wasannin. Ƙasashe uku suka shiga: Faransa, da Jamus, da Birtaniya.

A lokacin Jamus ba ta da hukumar zari-ruga ta ƙasa, balle ƙungiyar ƙasa. Ƙungiyar FC 1880 ta Frankfurt ce ta tafi da sunan ƙasar. 'Yan wasa 15 ɗin su ne Albert Amrhein, Hugo Betting, Jacob Herrmann, Willy Hofmeister, Hermann Kreuzer, Arnold Landvoigt, Hans Latscha, Erich Ludwig, Richard Ludwig, Fritz Müller, Eduard Poppe, Heinrich Reitz, August Schmierer, Adolf Stockhausen da Georg Wenderoth. Waɗannan su ne Jamusawan farko da suka tsaya a fagen babbar gasar zari-ruga ta ƙasa da ƙasa, kuma sun yi haka ne a babban birnin ƙasar da iyayensu suka yaƙa shekara talatin kafin nan, a yaƙin 1870 zuwa 1871.

Ranar Lahadi, 14 ga Oktoba, 1900, aka kara a filin tseren keke na Vincennes. Jamusawa ne suke kan gaba lokacin da aka tafi hutu, amma da aka dawo Faransawa suka rinjaye su, wasa ya tashi 27 da 17. A wancan zamani dangwala ƙwallo maki 3 ne, ba 5 ba kamar yanzu, don haka maki 17 ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Bayan mako biyu Faransa ta doke ƙungiyar Moseley Wanderers, wadda ta wakilci Birtaniya, da ci 27 da 8. Wasan da aka shirya tsakanin Jamus da Birtaniya bai yiwu ba, saboda haka ƙasashen biyu suka yi tarayya a matsayi na biyu, kuma ana lissafa su a yau cikin masu lambar azurfa. A cikin tawagar Faransa da ta yi nasara akwai Constantin Henriquez, haifaffen ƙasar Haiti, wanda ake ɗauka shi ne baƙar fata na farko da ya zama zakara a wasannin Olamfik.

Mako uku cif bayan wasan Vincennes, ranar 4 ga Nuwamba, 1900, wakilan ƙungiyoyi suka taru a garin Kassel suka aza harsashin hukumar zari-ruga ta Jamus. A 1909 aka fara gasar zakarun ƙasa, kuma ƙungiyar Frankfurt ta ɗauke ta a 1910 da 1913 da 1922 da 1925.

Wasan Sha'awa, Ba na Neman Abinci Ba

Dukan waɗannan mutane 'yan wasan sha'awa ne, watau ba a biyan su ko anini. Kowa yana da karatunsa ko sana'arsa, sai ya tashi daga aiki ya je fili. Wannan doka ce mai tsauri a zari-ruga. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila, waɗanda yawancin 'yan wasansu leburorin masaƙu ne da na haƙar kwal, suka nemi a yarda su riƙa biyan ɗan wasa ladan ranar aikin da ya rasa. Hukuma ta ƙi, suka ɓalle suka kafa nasu tsarin. Masu wasan mutum 15 kuwa suka riƙe dokar hana biya har shekara ɗari cur, sai a watan Agusta na 1995 aka soke ta.

Wannan doka tana da tasiri a jikin ɗan wasa. Wanda yake zuwa fili bayan ya gama aikin yini ba zai sami horon da mai yin wasa a matsayin sana'a yake samu ba. Daɗin daɗawa, a wancan zamani ba a canjin ɗan wasa. Sai a 1968 aka fara yarda a maye gurbin wanda ya ji rauni a wasannin ƙasa da ƙasa. Wanda ya fara wasa shi zai gama, ko ya fita a bar gurbinsa a buɗe. To, mene ne yake faruwa a cikin tsokar mutumin da aka ɗora wa wannan nauyi?

Abin da ke Faruwa a Cikin Tsoka

A 1900 babu wanda zai iya ba da cikakkiyar amsa. Abin sha'awa shi ne, garuruwan nan uku na zari-ruga suna da alaƙa da masanan da suka warware matsalar. Gustav Embden ya yi aikinsa ne a Frankfurt tun daga 1904. Otto Meyerhof kuwa an haife shi a Hannover a 1884, ya sami digirin likita a Heidelberg, kuma a 1929 aka naɗa shi shugaban wani sashen bincike a can. Bincikensu a kan tsokar dabbobi suka yi shi, musamman ta kwaɗo, amma tsokar mutum ma a kan wannan ƙa'ida take tafiya. Meyerhof ya raba kyautar Nobel ta 1922 da wani Bature ɗan Ingila, A. V. Hill, saboda aikinsu a kan tsoka. A 1929 mataimakinsa Karl Lohmann ya gano sinadarin da ake kira ATP, a shekarar da wasu masana biyu a Amurka, Fiske da Subbarow, su ma suka gano shi.

Ga taƙaitaccen abin da aka sani a yau. Tsoka ba ta iya motsi sai da ATP. Shi ne tamkar kuɗin da ke hannu, wanda da shi kaɗai ake ciniki. Sai dai abin da tsoka take ajiyewa ba ya wuce na daƙiƙa biyu ko uku na aiki mai tsanani, don haka dole a riƙa sabunta shi nan take. Hanyoyi uku jiki yake bi.

Hanya ta farko ita ce ta wani sinadari mai suna fosfokiriyatin, wanda aka gano a 1927. Yana ajiye a cikin tsoka, yana kuma sabunta ATP cikin ƙiftawar ido, amma yakan ƙare cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka. Da shi ɗan gaba yake yin yunƙurin farko a turereniya, da shi kuma ɗan baya yake fizgar gudu.

Hanya ta biyu ita ce farfasa sukarin gulukos ba tare da iskar oksijin ba. Jiki yana tara gulukos a matsayin gilaikojin, kimanin giram 400 a tsokoki da kimanin giram 100 a hanta, ga baligi matsakaici. Jerin matakan da ake bi wajen farfasa shi har yau da sunan Embden da Meyerhof ake kiransa. Hanyar tana da sauri, amma ribarta kaɗan ce: ATP biyu kacal daga kowace ƙwayar gulukos, kuma tana haifar da sinadarin laktik. Ita ce take ɗaukar ɗan wasa in an daɗe ana kai hari ba tsayawa, na tsawon rabin minti ko minti guda.

Hanya ta uku ita ce ƙona gulukos da kitse da taimakon oksijin, a cikin wasu ƙananan sassa na ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya. Ba ta da saurin biyun farko, amma tana ba da ATP wajen 30 daga kowace ƙwayar gulukos. Ita ce rumbun da ake ci daga gare shi har minti 80 su cika, ita ce kuma take mayar da fosfokiriyatin a duk lokacin da wasa ya ɗan lafa. Hakin da ɗan wasa yake yi bayan gudu, jiki ne yake jawo oksijin don wannan aiki.

A nan akwai gyara guda da ya kamata malamai su lura da shi. An daɗe ana koyar da cewa sinadarin laktik shi ne yake jawo ciwon jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan wasa. Bincike na baya ya nuna ba haka ba ne. Laktik yakan bar jini cikin kimanin awa guda, zuciya da sauran tsokoki suna amfani da shi a matsayin makamashi, hanta kuma tana mayar da wani kaso nasa ya koma gulukos. Ciwon washegari yana zuwa ne daga 'yan ƙananan yagewa a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya. Gajiyar ƙarshen wasa kuma tana da nasaba da raguwar gilaikojin, kamar yadda masana a ƙasar Suwidin suka nuna a shekarun 1960, da kuma ƙarancin ruwa da hauhawar zafin jiki.

Abin da Horo Yake Canzawa

Zuciyar mutumin da ke zaune tana tura jini kimanin lita 5 a minti guda. In ya shiga aiki mai tsanani takan kai lita 20 ko fiye, ta ƙwararren ɗan wasa kuwa takan wuce lita 30. Dalili shi ne horo yana ƙara yawan jinin da zuciya take turawa a kowane bugu, shi ya sa bugun zuciyar ɗan wasa a lokacin hutu yakan sauka ƙasa da 60 a minti, alhali na yawancin mutane yana wajen 70. Horo yana ƙara ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, yana ƙara kaurin zarenta, yana kuma ƙara yawan mitokondiriya, kamar yadda John Holloszy ya nuna da gwajin ɓeraye a Amurka a 1967. Ƙwaƙwalwa ita ma tana koyo: yawan maimaita jifa da kamu yana sa jijiyoyi su saba, har hannu ya riƙa yin abin da ya dace ba tare da dogon tunani ba.

Sai dai duk wannan riba aro ce. In aka daina horo, cikin 'yan makonni takan fara zubewa. Bugu da ƙari, jiki ba ya ƙaruwa sai an ɗora masa nauyin da ya ɗara wanda ya saba. Ƙungiyar da kullum take karawa da na ƙasa da ita ba za ta ci gaba ba. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin fahimtar abin da ya faru da Jamus daga 1927.

Shekarun Karawa da Faransa

An sake yin zari-ruga a wasannin Olamfik na 1908 da 1920 da 1924, amma babu Jamus a ciki. A biyun ƙarshe ma ba a gayyaci ƙasar ba sam, saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai ranar 17 ga Afrilu, 1927, ƙungiyar ƙasa ta Jamus ta buga wasanta na farko, a Faris, inda Faransa ta lallasa ta da ci 30 da 5. Bayan mako huɗu, ranar 15 ga Mayu, aka sake haɗuwa a Frankfurt, Jamus ta yi nasara da ci 17 da 16.

A 1931 ƙasashen Birtaniya da Ailan suka yanke hulɗar wasa da Faransa, suna zargin ƙungiyoyinta da biyan 'yan wasa a ɓoye da kuma yawan faɗa a fili. Faransa ta rasa abokan karawa, sai ta juyo ga maƙwabtanta. A 1934 ita da Jamus da Italiya da Romaniya da wasu ƙasashe suka kafa hukumar FIRA, watau tarayyar zari-ruga ta 'yan wasan sha'awa ta ƙasa da ƙasa, wadda a yau ake kira Rugby Europe. Hausawa suka ce faɗuwar wani, tashin wani: rikicin ya ba Jamusawa damar karawa a kai a kai da ƙasar da ta fi su nesa ba kusa ba. A gasar FIRA da aka yi a Balin a watan Mayu na 1936, Faransa ta ci Jamus a wasan ƙarshe, amma da 19 da 14 kawai. A watan Maris na 1938, a Frankfurt, Jamus ta sake ka da Faransa da ci 3 da nema. Cikin wasanni 15 da ƙasashen biyu suka yi daga 1927 zuwa 1938, biyu Jamus ta ci, amma ratar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai. Jinin Jamusawa bai canza ba cikin shekara goma sha ɗaya. Abin da ya canza shi ne irin nauyin da aka riƙa ɗora musu.

Yaƙi da Tsinkewar Igiya

A daidai wannan lokaci gwamnatin 'yan Nazi, wadda ta hau mulki a 1933, tana koyar da cewa fifiko a jini yake, kuma wasu jinsuna sun fi wasu tun daga haihuwa. Masanan da suka bayyana wa duniya aikin tsoka ba su tsira daga wannan aƙida ba, domin Embden da Meyerhof duka asalinsu Yahudawa ne. An ci zarafin Embden a jami'arsa a 1933, kuma a wannan shekarar ya rasu. Meyerhof ya gudu zuwa Faris a 1938, daga can ya wuce Amurka a 1940, inda ya rasu a 1951. A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Jamus ta buga wasanta na ƙarshe da Italiya a 1940, kuma da yawa daga cikin 'yan wasanta na ƙasa sun mutu a fagen fama. Ba ta sake buga wasan ƙasa da ƙasa ba sai a 1952. Kafin nan Faransa ta koma cikin gasar ƙasashen Birtaniya a 1947, ƙasar Jamus kuma ta rabu biyu. Zari-rugan Jamus bai sake kai matsayinsa na 1938 ba.

Me ya sa 'ya'yan waɗancan 'yan wasa ba su ɗora daga inda iyayensu suka tsaya ba? Wani masanin halittu Bajamushe, August Weismann na jami'ar Freiburg, ya riga ya ba da amsa tun a shekarun 1880. Ya yanke wutsiyar ɓeraye zuriya biyar a jere, amma kowane ɗan ɓera da aka haifa da wutsiyarsa ya zo. Abin da ya koyar shi ne, canjin da ya sami jikin iyaye a rayuwarsu ba ya shiga ƙwayoyin haihuwa. Haka kaurin tsoka da faɗin zuciya da iya kamun da uba ya samu ta hanyar horo: ɗansa ba zai zo duniya da su ba, sai ya fara daga tushe.

Wannan ba yana nufin gado ba shi da tasiri ba. Tsawon mutum, da ƙirar ƙashinsa, da yawan zaren tsoka mai sauri ko mai jimiri, da yadda jikinsa yake karɓar horo, duk ƙwayoyin gado suna da hannu a ciki. Amma wannan bambanci ne tsakanin mutum da mutum, kuma a cikin kowace al'umma akwai dogo da gajere, mai sauri da mai jimiri. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa mafi yawan bambancin da ke tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake, ba tsakanin wata al'umma da wata ba. Abin da ƙasa take miƙa wa na baya shi ne makaranta da fili da ƙungiya da malamin da ya san wasan. Zari-rugan Jamus a 'yan garuruwa kaɗan ya tsaya, don haka da yaƙi ya ɗauke waɗanda za su zama masu koyarwa, igiyar ta tsinke. Ƙwallon ƙafa kuwa, da yake ta riga ta shiga kowane ƙauye, ta yi asarar mutane ita ma, amma shekara tara bayan yaƙin Jamus ta Yamma ta ɗauki kofin duniya.

Gwaji a Aji

Malami yana iya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa ba tare da kayan aiki masu tsada ba, agogo kawai ake bukata. Da farko ɗalibi ya sauke hannunsa ƙasa, ya riƙa dunƙule shi yana buɗewa da sauri, abokinsa yana ƙirga sau nawa ya yi a kowace daƙiƙa 30, har zagaye huɗu. Bayan hutun minti goma sai ya sake, amma wannan karon hannun yana sama da kansa. Za a ga adadin yana raguwa daga zagaye zuwa zagaye, kuma ya fi saurin raguwa in hannun yana sama, saboda jini ba ya isa sosai.

Na biyu, kowane ɗalibi ya ƙirga bugun zuciyarsa a wuyan hannu yana zaune, sa'an nan ya yi ta hawa da sauka a kan matakala guda na minti uku, ya sake ƙirgawa bayan minti ɗaya, da biyu, da uku. A rubuta sakamako. Waɗanda suka yarda su riƙa gudu sau uku a mako, a sake gwada su bayan mako shida a kwatanta. Kada a sa mai ciwon zuciya ko asma ko sikila cikin wannan gwaji na biyu. Shi sai ya riƙe agogo ya rubuta lissafi.

Kammalawa

Mun ga yadda zari-ruga ya shiga Jamus ta hannun ɗalibai da malamai, yadda mutum 15 suka wakilci ƙasar a Faris a 1900, yadda karawa da Faransa ta ɗaga darajar wasan daga 1927 zuwa 1938, da yadda yaƙi ya rushe abin da aka gina. Mun kuma ga cewa ƙarfi da jimiri a cikin tsoka da zuciya ake gina su, ta hanyar horon da ake maimaitawa, kuma ba sa bin jini zuwa ga 'ya'ya. Don haka ɗalibin da ya ga wata ƙasa ta yi zarra a wasa, ko a wani fanni na ilmi, tambayar da ta dace ya yi ita ce: su wa suka koyar da su, sau nawa suke gwadawa, kuma da wa suke karawa?